HANYA KAFIN GIDA

Filin wannan wata na maganar hanya ne. Kowa ya san babbar hanyar kwalta da ta tashi daga Yamai ta bi Doso, Ƙonni, Maraɗi, har Damagaram. Ba ita ake nufi ba. Ana nufin hanyar cikin gari, wadda ke bi tsakanin gida da gida, wadda amalanke ke shiga da dammunan hatsi, wadda ake fitar da maras lafiya ta cikinta. Labarin zai fara daga wata kasuwa ta birnin Yamai. Amma ya shafi kowane ƙauye da ke ƙara girma, da kowane manomi da gari ya iso bakin gonarsa.

ƘARAMAR KASUWA

Duk wanda ya saba kai kaya Yamai kafin shekarar 2012 ya san Ƙaramar Kasuwa. Da Faransanci ana ce mata Petit Marché. Zabarmawa suna ce mata Habu Ganda, wato kasuwar gangare. Babbar Kasuwa kuwa ita ce Habu Bene, kasuwar tudu. Ƙaramar Kasuwa tana tsakiyar gari, kusa da meri, kusa da gidan tarihi na Bubu Hama, ba nisa da gadar Kenedi.

Kasuwar kayan miya ce da kayan lambu. Akwai tumatir, salati, kabeji, albasa, tattasai, dankali, lemu, mangwaro, kifi da nama. Masu lambu na bakin kogi su kan kawo kayansu tun da asuba. Gumin manoman karkara ne ake sayarwa a wurin, daga na kusa har na nesa.

An kafa ta tun Yamai ba ta da yawan jama'a. Gari ya yi ta girma, kasuwa tana nan inda ta ke, ba ta da wurin miƙe ƙafa. Rumfa ta manne da rumfa. Lungunan ciki suka tsuke. Masu tebur suka fito bakin hanya. Taksi, babura, ƴan dako da masu saye duk suka cushe wuri guda.

Cikin watan Afrilu na 2012, da dare, gobara ta tashi a kasuwar. Kafin gari ya waye ta zama toka. Mutane da yawa suka wayi gari ba jari. Ba a sake gina kasuwar kamar yadda ta ke da ba. Ƴan kasuwa suka watsu, waɗansu cikin sauran kasuwanni, waɗansu a bakin hanyoyi. Sunan dai bai ɓace ba, mutanen Yamai suna kiran wurin da shi.

Asarar ba ta tsaya kan masu rumfa ba. Mai lambun da ya ba da kaya bashi, wa zai bi? Ɗan dakon da ya zo ci-rani daga ƙauye, ina zai sami dako? In kasuwar birni ta ƙone, hayaƙin har karkara ya ke kai.

Ba ita ce gobara ta farko ba. A shekarar 1982 Babbar Kasuwa ta ƙone. Aka kai ƴan kasuwa waɗansu wurare, kamar Wadata. Sai a 1987, zamanin Janar Seyni Kunce, aka buɗe sabuwa. Shekara biyar ke nan ana jira.

Gobara tana iya tashi ko'ina. Amma yawan ɓarnarta yana bin yadda aka shirya wuri. Makiyaya sun fi kowa sanin wannan. Bayan damana, in ciyawa ta bushe, a kan share hanya mai faɗi cikin daji don tare wuta. Wuta ta zo, ta tarar ba abin ci, ta tsaya. Hanyar cikin gari ma haka ta ke. Tana raba rumfa da rumfa, tana raba danni da danni, kuma ta nan motar kashe gobara ke shiga. Inda ba hanya, wuta ce ke da hanya.

YADDA YAMAI TA GIRMA

Da can Yamai ƙananan unguwanni ce a bakin kogin Isa: Gawai, Kalle, Mawre, Zongo. A kewayenta akwai ƙauyuka masu gonaki, kamar Gudel, Gamkalle, Yantala da Saga. A shekarar 1926 Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram suka kawo shi Yamai.

Turawa suka shata gari yadda su ke so. Akwai wani kwari da ake ce ma Gunti Yena, yana zuba cikin kogi. Suka mai da shi iyaka. Gefe guda unguwar Turawa, mai manyan hanyoyi da itatuwa. Gefe guda unguwannin ƴan ƙasa. Wannan rabo ba na adalci ba ne. Amma akwai abu guda da ya yi amfani: a unguwannin da aka shata cikin shekarun 1930, an ja hanyoyi miƙaƙƙu tun kafin a yi gini. Shekaru sun wuce, gidajen laka sun zama na siminti, hanyoyin suna nan ana bi.

Ga yawan mutanen Yamai:

A 1960, shekarar samun mulkin kai: wajen mutum 30,000.

A ƙidayar 1988: kusan mutum 400,000.

A ƙidayar 2012: fiye da miliyan ɗaya.

Wato cikin shekara 52 gari ya ninka fiye da sau 30. Su wane ne waɗannan mutane? Da yawansu mutanen karkara ne da ƴaƴansu. Farin 1973 da 1974 ya kashe bisashe, ya koro makiyaya. Aka yi masu sansani a bayan gari, wurin da ake ce ma Lazare. Yau Lazare unguwa ce cikin birni. Farin 1984 ya ƙara koro waɗansu. Akwai unguwar da sunanta kaɗai ya isa labari: Bukkoki. Waɗanda ba su sami fili a hannun hukuma ba suka sayi guntun gona a hannun masu gona, suka yi gini. Haka Talaje ta fara. Haka unguwar Peyiba ta tashi cikin ramu da kwazazzabai.

Hukuma ta yi ƙoƙarin tsara abin. A 1965 aka fara shuka itatuwa, yawanci dogon yaro, don su yi ma gari ɗamara, su tare iska da ƙura. A 1984 aka yi babban tsarin gari, aka zana inda hanyoyi za su bi da inda unguwanni za su zauna. Amma gari ya fi takarda sauri. Gidaje suka tsallake ɗamarar itatuwa, aka kuma ci wani sashe nata. Ƙauyukan da ke kewaye suka shige cikin birni. Gonakin hatsi na Gudel da Yantala suka koma gidaje.

UNGUWA IRI BIYU

A Yamai, da Maraɗi, da Tawa, da Damagaram, sababbin unguwanni iri biyu ne.

Iri na farko shi ne inda aka yi rabon filaye bisa ƙa'ida, abin da ake ce ma lotisma. Ga yadda ake yi. Masu awo su kan zo su auna wuri. Su zana shi a takarda. Su fara fitar da hanyoyi, manya da ƙanana. Su ware filin lakwal, filin asibiti, filin kasuwa. Abin da ya rage shi ake yankawa fili-fili. A kafa turakun siminti a kusurwa huɗu ta kowane fili, a ba shi lamba. Mai gona kuma a ba shi kasonsa.

Iri na biyu shi ne inda kowa ya sayi guntun gona ya gina yadda ya ga dama. Wannan ya juya ƙofarsa gabas, wancan ya juya tasa arewa. Wannan ya ƙara taki biyu ya ci lungu, maƙwabcinsa ya ga haka shi ma ya ƙara. Shekara goma, unguwa ta cika, ba inda mota za ta bi.

Ran da aka tare, unguwannin biyu kamar ɗaya su ke: ga yashi, ba ruwa, ba wuta. Bambanci sai daga baya ya ke fitowa.

Bututun famfo hanya ya ke bi. Inda ba hanya, ba a iya gina ramin bututu. Sai a dogara ga mai ga-ruwa, kuma ruwan ga-ruwa ya fi na famfo tsada. Talaka ke nan ya ke biya fiye da mai hali.

Turakun wutar lantarki hanya su ke bi. Magudanar ruwa hanya ta ke bi. Motar kwasar shara ma haka.

Mace ta fara naƙuda cikin dare, haihuwa ta zo da gardama. In ƙofar gida tana bakin hanya, mota ta tsaya a ƙofa. In gida yana cikin lungu, sai a tallabe ta a fita da ita da ƙafa, ana ratsa kwata cikin duhu. Wani lokaci wannan ɗan jinkiri shi ke raba rai da mutuwa.

GYARAN BAYA YANA DA TSADA

Yamai tana gefe biyu na kogi. Gadar Kenedi an buɗe ta a 1970. Shekara 41 ita kaɗai ce: motoci, raƙuma masu itace, shanu, ɗalibai, duk a kanta. Gada ta biyu, wadda ƴan Sin suka gina, an buɗe ta a 2011. Ta uku, mai sunan Janar Seyni Kunce, a 2021.

A 2011, zamanin shugaba Mahamadu Isufu, aka fara shirin gyaran birni mai suna Yamai Nyala. Aka gina gadojin sama a manyan mararraba, don motoci su riƙa wucewa bisa da ƙasa. Ta farko a hanyar Mali Bero, a 2013. Wata kuma mai sunan Diori Hamani, kusa da kasuwar Katako, a 2018. A 2019 aka buɗe babbar hanya daga filin jirgin sama zuwa tsakiyar gari, kafin taron shugabannin ƙasashen Afirka da aka yi a Yamai cikin watan Yuli na shekarar.

Ayyukan sun sauƙaƙa tafiya. Amma sun ci kuɗi masu yawan gaske, kuma an yi rusau. A 2016 aka bi manyan hanyoyin Yamai ana rushe shaguna da rumfunan da ke bakin hanya. Masu shayi, masu gyaran babur, teloli, masu tireda, da yawa suka rasa wurin sana'a. Waɗansu sun yi kuka, sun ce sun shekara da shekaru suna biyan kuɗin wuri. Hukuma kuma ta ce wurin hanya ne, na jama'a ne.

Kowane gefe yana da abin faɗi. Amma abu guda a fili ya ke. Ran da wuri ya ke fili, fitar da hanya igiya ce da turaku da yini guda. Ran da aka cika shi da gini, fitar da hanya sai da katafila, da diyya, da hawaye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

RUWA MA YANA DA HANYARSA

In ana shata gari, ba mutane kaɗai ake ba hanya ba. Ruwa ma sai an bar masa tasa.

Shekarun fari sun ruɗi mutane. Aka ga kwari ya bushe, fadama ta bushe, aka ce wuri ya samu. Aka yi gini. Da ruwa ya dawo, sai ya bi inda ya saba bi. A 2012 kogi ya cika ya shiga unguwannin Yamai na gangare. A watan Satumba na 2020 ya kai wajen mita 7 a ma'aunin Yamai, ya fasa tarin ƙasar da aka yi don tare shi. Unguwanni irin su Lamorde da Kirkisoye suka nutse. Dubban mutane suka kwana cikin lakwal-lakwal. A watan Agusta na 2024 ruwa ya yanke manyan hanyoyin fita Yamai, har da ta Doso. Manyan motoci suka yi kwanaki a tsaye da kaya.

Mutanen Maraɗi sun riga kowa ganin wannan. A 1945 Gulbi ya cika ya cinye tsohon gari da ke gangare. Aka tayar da gari aka kai shi tudu, aka ja masa hanyoyi miƙaƙƙu masu faɗi. Wanda ya san tsakiyar Maraɗi ya san amfanin wannan aiki har yau.

A kowane ƙauye akwai tsofaffin da suka san inda ruwa ya taɓa kai a shekarar babbar damana. Su ne takardar gari. Kafin a ba wani fili a gangare, a tambaye su.

BISASHE MA SUNA DA TASU

Gari in yana girma, abin da ya kan fara ci shi ne burtali da makiyaya da bakin tabki, don ana ganin kamar ba su da mai su. Makiyayi ya tafi arewa da damana. Ya dawo da kaka, ya tarar da turakun siminti a inda shanunsa ke bi zuwa ruwa. In ya kauce ya shiga gona, faɗa ya tashi. Mai kai bisashe kasuwar Turaku ta Yamai ya san wahalar ratsa gari da garke.

Doka ta yi magana a kan wannan. A 1993 aka kafa dokar ƙasar karkara. Ita ta kawo kwamitocin ƙasa, waɗanda ake ce ma Kofo, a ƙauye, a komin da kuma a departama. A cikinsu akwai sarakuna, da ma'aikata, da wakilan manoma, da na makiyaya, da na mata. A 2010 kuma aka yi dokar kiwo. Ta ce burtali da makiyaya dukiyar jama'a ce. Ba mai ikon mai da su nasa, ba mai ikon sayar da su.

Amma doka tana takarda, burtali yana daji. In ba a kafa masa alama ba, in ba a rubuta shi wurin Kofo ba, sannu-sannu za a cinye shi. Makiyaya su je taro, su sa a rubuta, su sa a kafa alama tun kafin gari ya iso.

GA LISSAFI

Ga misali, don ƴan ajin yaƙi da jahilci su gwada a kan allo.

Wani dattijo yana da gona a bakin gari. Tsawonta mita 100, faɗinta mita 100. Masu neman fili sun dame shi. Ya yi niyya ya yanka ta, kowane fili mita 20 tsawo, mita 20 faɗi. Ya ƙirga: biyar a jere, jeri biyar. Fili 25 ke nan.

Ɗansa yana zuwa aji da dare. Ya ɗauko allo da alli, ya zana gonar, ya raba ta gida 25. Ya ce: "Baba, duba nan. Goma sha shida suna gefe. Waɗannan tara na tsakiya, ta ina masu su za su shiga?"

Dattijo ya ce: "Ai maƙwabta ne, sa bar ma juna lungu."

Yaro ya ce: "Baba, lungun da jaki da mangala ba ya wucewa? Kuma na gefen ma, in masu gonakin da ke kewaye da mu suka yanka nasu kamar haka, duka an toshe."

Dattijo ya yi shiru. Can ya ce: "To, kai yaya ka gani?"

Yaro ya share allo ya sake zane. Jeri ɗaya na filaye, mita 20. Sai hanya, mita 10. Sai jeri biyu baya da baya, mita 40. Sai wata hanya, mita 10. Sai jeri na ƙarshe, mita 20. Ya tara: 20 da 10 da 40 da 10 da 20, ya ba da 100. Jeri huɗu, kowane fili biyar. Fili 20 ke nan, kuma kowane ƙofarsa tana bakin hanya.

Dattijo ya ce: "Kai yaro, ka cinye mini fili biyar."

Yaro ya ce: "Baba, cikin ashirin ɗin nan akwai inda mu za mu zauna, da ƙannena, da jikokinka. Ran da famfo ya zo, ta nan zai biyo."

Dattijo ya daɗe yana duban allo. Sa'an nan ya ce: "Gobe ka raka ni wurin mai gari."

Dattijo ya yi daidai da ya nufi wurin mai gari. Mutum ɗaya ba ya fitar da hanya shi kaɗai. In hanyarsa ba ta haɗu da ta maƙwabcinsa ba, ta zama lungu mai toshe. Saboda haka ne doka ba ta yarda kowa ya yanka gonarsa fili-fili don gine-gine ba tare da iznin hukuma ba. Sai an haɗa gonaki a zane guda, hanya ta miƙe daga wannan ta shiga waccan.

ABIN DA ƘAUYE ZAI IYA YI

Wani zai ce: wannan maganar birni ce, ƙauye ina ruwansa? A tuna, Gudel ƙauye ce, Saga ƙauye ce. Duk garin da ke bakin kwalta, ko mai kasuwar mako, ko wanda aka kai ma meri, yana kan hanyar zama birni. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa.

Ga abubuwa bakwai da ba su bukatar kuɗi mai yawa:

1. Bayan an gama girbi, mai gari ya tara jama'a: dattawa, masu gonakin bakin gari, makiyaya, mata da samari. A duba ta wane gefe gari ke miƙewa.

2. A fitar da hanyoyi a wannan gefe tun ba a yi gini ba. Ƙaramar hanya kada ta gaza mita 10. Babbar hanya, mai zuwa kasuwa ko kwalta, ta kai mita 20. In ba ma'auni, a sami igiya a ƙulla ta mita-mita. Babban takin namiji ya kusa mita ɗaya.

3. A shuka itatuwa a gefen hanya biyu. Turke ana tuge shi da dare, itace mai saiwa ba ya matsawa.

4. A ware filin lakwal, na asibiti, na kasuwa, na maƙabarta da na rijiya. A ware su da yalwa, don gobe. Kada a yarda a taɓa su, ko wane ne ya roƙa.

5. A bar ma ruwa kwarinsa. Kada a ba kowa fili cikin fadama ko bakin gulbi.

6. A bar burtali yadda ya ke, daga daji har mashaya. A kafa masa alama.

7. A kasuwa, a jera rumfuna layi-layi. A bar tsakani inda mota za ta shiga ta fita. Masu tuya da masu gashi da masu sayar da fetur a ba su nasu gefe, nesa da rumfunan kara.

In an gama, a kai maganar meri da wurin Kofo, a rubuta, a sa hannu. A ajiye takarda ɗaya wurin mai gari.

A KARANTA KAFIN A DANGWALA

Saura maganar takarda. Inda gari ya iso, dillalan filaye su kan riga kowa zuwa. Su zo da mota da kuɗi a hannu, su ce a dangwala yatsa a nan. Manomin da bai iya karatu ba bai san ko gona ɗaya ya sayar ko duka gadon gidansu ba. Kuɗin fili su kan ƙare cikin shekara ɗaya ko biyu. Gona kuwa in ta tafi ta tafi.

Mai gona ya nemi takardar shaidar gonarsa wurin Kofo tun ba a zo ba. Kofo tana ba da takardar gado, ta saye, ta kyauta, ta aro da ta jingina. Akwai kuma dokar 1961, wadda aka gyara a 2008. Ta ce in hukuma za ta karɓi wurin mutum don aikin jama'a, kamar hanya, sai an biya shi diyya. Mai takarda a hannu ya fi saurin samun haƙƙinsa.

Mai sayen fili a birni, ɗan ci-rani ne ko mai aiko da kuɗi daga waje, shi ma ya kula. Kada ya biya sai ya ga lambar fili a takarda, ya je meri an nuna masa ita a zanen unguwa. Ya tabbata filin ba a kan hanya ya ke ba, ba filin lakwal ba ne, ba cikin kwari ya ke ba. A kan sayar da fili guda ga mutum biyu. A kan sayar ma baƙo tsakiyar hanya, ya gina, wata rana a zo a shafa ma bangonsa jan fenti.

Duk wannan yana bukatar karatu da lissafi. Wanda ya iya karanta lamba, ya iya tara 20 da 10, ba a yi masa wayo da sauƙi. Ajin yaƙi da jahilci yana buɗe da rani. Wanda bai shiga ba ya shiga. Wanda ya iya ya karanta ma ƴan'uwansa wannan fili a dandali, a yi shawara a kai.

Ƙaramar Kasuwa ta ciyar da Yamai shekaru masu yawa, dare ɗaya ta tafi. Ƙauyen da bai cika ba tukuna yana da abin da ita ta rasa, wato fili. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Bana, kafin a fara buga tubali da rani, a fara ɗauko igiya.

Filin wata mai zuwa zai yi maganar masai da wurin zuba shara.